Awa nawa ne daga Kano zuwa Jidda a jirgin sama?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Mahaifiyata za ta tafi Umara daga Kano, kuma tana da ciwon suga, shi ya sa nake so in san tsawon lokacin da za ta yi a hanya saboda abinci da magani. Na duba intanet na ga an ce awa 4 ne zuwa Jidda. Kawuna da ya je a 2019 ya ce awa huɗu da rabi suka yi. Maƙwabciyarmu da ta yi Hajjin 2023 ta ce sun kusa awa 7 a sama. Tikitin Hajiya kuma ya nuna tashi ƙarfe 11 na dare, sauka ƙarfe 7 na safe, awa 8 ke nan. Wanne zan ɗauka?"

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya kai Hajiya lafiya, ya karɓi ibadarta, ya dawo mana da ita lafiya.

Babu wanda ya yi miki ƙarya a cikinsu. Kowa abin da ya auna ya faɗa miki, sai dai ba abu ɗaya suka auna ba. Na yi shekaru ina aikin tsara tafiyar jirage, wato mu ne muke zama kafin jirgi ya tashi mu fitar da hanyar da zai bi, da man da zai sha, da nauyin da zai iya ɗauka, da lokacin da zai yi a sama, sannan mu miƙa wa matuƙi ya duba ya sa hannu. Kano zuwa Jidda na cikin hanyoyin da na fi lissafawa, don haka bari in warware miki su ɗaya bayan ɗaya, in fara da tikitin da ke hannunki, don shi ne ya fi sauƙi kuma shi ya fi rikita mutane.

Lokacin da ake rubutawa a tikiti kullum agogon garin da abin zai faru ne. Ƙarfe 11 na dare agogon Kano ne, ƙarfe 7 na safe kuwa agogon Jidda ne, kuma Saudiyya tana gaban Najeriya da awa 2 duk shekara, ba rani ba damina. Sa'ad da agogon Jidda ya buga 7, a Kano ƙarfe 5 ne na asuba. Ke nan tafiyar Hajiya awa 6 ce, ba 8 ba. A dawowa lissafin juyawa yake yi: idan tikiti ya ce tashi daga Jidda ƙarfe 10 na safe, sauka Kano ƙarfe 2 na rana, ido zai ce awa 4, alhali awa 6 ne, don sai kin ƙara awa biyun nan. Mutanen Nijar da Chadi da Kamaru agogonsu ɗaya da namu, lissafinsu ke nan su ma. 'Yan uwanmu na Gana su awa 3 za su cire.

Yanzu nisan kansa. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa filin jirgin Sarki Abdul'aziz na Jidda, idan aka miƙa zare a kan ƙwallon duniya ba tare da lanƙwasa ba, kimanin kilomita 3,420 ne. Idan kin ga wani shafi ya rubuta 2,130 ko 1,850, kada ki ce sun saɓa. Na farko da mil ya auna, na biyu da mil ɗin da matuƙa jirgin ruwa da na sama suke amfani da shi, wanda ya fi na ƙasa tsawo. Zuwa Madina kuwa wajen 3,560 ne. Daga Maiduguri zuwa Jidda bai cika 3,000 ba, daga Sakkwato ko Abuja kimanin 3,700, daga Yamai kimanin 4,000, daga Legas kimanin 4,200.

Wannan zaren, idan kika bi shi da yatsa, daga Kano gabas yake yi yana ɗan karkata arewa, kusan daidai da yadda muke fuskantar alƙibla. Ya ratsa Jigawa da arewacin Yobe, ya gilma ta wajen Diffa, ya bi ta arewacin Tafkin Chadi, ya keta ƙasar Chadi, ya shiga Sudan ta arewacin Darfur, ya tsallaka kogin Nilu wajen Dongola, ya fita Bahar Maliya ta arewa da Port Sudan, sai ga Jidda a ɗaya gaɓar. Ki riƙe wannan a rai: wajen kashi biyu cikin biyar na hanyar a saman Sudan yake. Dama can Sudan ce ƙofarmu zuwa Makka. Kakanninmu da suke tafiya a ƙafa da bisa jakai ta Maiduguri da Abeche da Al-Fashir suke bi har su kai gaɓar teku a Suwakin, wasu su shekara biyu ko uku a hanya suna noma suna tara guzuri, wasu kuma su zauna ke nan, shi ya sa har yau ake jin Hausa a Mai Wurno da sauran garuruwan bakin Nilu.

Awa 4 ɗin da kika gani a intanet daga wannan zaren aka samo shi. Babban jirgin fasinja idan ya kai ƙololuwar tashinsa, wajen kilomita 11 ko 12 daga ƙasa, yana gudun kilomita 850 zuwa 900 a awa. Shafin ya raba 3,420 da wannan gudun ya ba ki awa 4, ya tsaya a nan. Lissafin daidai ne, amma babu jirgin da yake tafiya haka. Jirgi ba ya tashi da cikakken gudunsa. Yana ɗaukar minti 20 zuwa 25, ko fiye idan ya yi lodi sosai, kafin ya kai inda zai miƙe. A ƙasa-ƙasa, kafin ya wuce ƙafa 10,000, yawanci ba a yarda ya wuce kimanin kilomita 460 a awa ba. Tun saura kilomita 200 ya isa yake fara gangarowa yana rage gudu, sannan masu kula da zirga-zirgar jirage su jera shi a layi bayan waɗanda suka riga shi. A sama ma akwai tituna, ba a ganinsu da ido amma suna nan a taswirar matuƙi, kowanne da sunansa da mahaɗarsa, kuma ba sa miƙewa sak kamar zare. Ga kuma tafiyar da jirgi yake yi a ƙasa, daga inda aka rufe ƙofa zuwa bakin titin tashi, da daga inda ya sauka zuwa inda zai tsaya. Lokacin tikiti ya haɗa da wannan duka: yana farawa ne sa'ad da aka tura jirgin baya, yana ƙarewa sa'ad da ya tsaya cak aka sa wa tayoyinsa waigi.

Ga wata dabara da nake ba mutane, wadda ba ta cika kuskure sosai ba: ki raba nisan da 800, ki ƙara rabin awa. Kano zuwa Abuja kilomita 365 ne a sama, rabawa ta ba ki minti 27, ƙarin rabin awa ya kai ki kusan awa ɗaya, kuma abin da ake rubutawa a tikiti ke nan. Kano zuwa Jidda ya ba ki awa 4 da minti 45. Kawunki da ya ce huɗu da rabi, daga tashi sama zuwa taɓa ƙasa ya ƙirga, kuma a 2019 haka abin yake.

To me ya faru da maƙwabciyarki? A ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartoum tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF, aka rufe sararin samaniyar ƙasar, saura 'yan makonni a fara jigilar maniyyata. Abin bai tsaya a Sudan kaɗai ba, domin a lokacin daga Khartoum ake kula da jiragen da ke wucewa can sama ta Sudan ta Kudu, don haka ita ma hanyar ta toshe kafin daga baya a buɗe wasu 'yan hanyoyi na wucin gadi ta cikinta. Jirgin da ya tashi daga Kano sai ya zama yana da zaɓi biyu, ko ya zagaya ta arewa ko ta kudu.

Ta arewa ba wani nisa ba ne. Idan jirgi ya bi ta Chadi ya shiga kudancin Libiya wajen Kufra, ya ratsa Masar ta Aswan ya gangaro Jidda, kimanin kilomita 3,700 ne, ƙarin 300 kacal, minti ashirin da 'yan kai. Matsalar ita ce Libiya: kamfanoni da yawa ba sa yarda jirginsu ya bi ta samanta, ko hukumar ƙasarsu ta hana, ko masu inshora su ƙi, ko mai jirgin da aka ɗauko haya ya ce a'a. Kuma ƙasashe da yawa sai sun ba da izini kafin a keta samansu, ba a shiga haka kawai. Ta kudu kuwa zagaye ne na gaske: Kamaru, Afirka ta Tsakiya, a gangara har wajen Yuganda da Kenya, a hauro ta Habasha, a fito Bahar Maliya daga kudu. Idan kika haɗa waɗannan gaɓoɓin za ki samu kimanin kilomita 5,600. Ki raba da 800 ki ƙara rabin awa, kin ga awa 7 har da ɗoriya. Maƙwabciyarki gaskiya ta faɗa.

Wannan ƙarin ba fasinja kaɗai ya ji shi ba. Boeing 747, irin wanda aka daɗe ana kwasar alhazai da shi, yana ƙona mai wajen tan 10 a kowace awa. Ƙarin awa biyu da rabi tan 25 ne a zuwa, tan 25 a dawowa, ga kuɗin da kowace ƙasa take karɓa na wucewa ta samanta. Shi ya sa a shekarar kamfanonin jigila suka nemi ƙarin dala 250 a kan kowace kujera, aka yi ta kai-komo da hukumar alhazai. Akwai kuma abin da mutane ba su cika lura da shi ba. Jirgin da a da yake zuwa ya sauke ya dawo cikin awa 12 ko 13, ya koma yana cin 17 ko 18. Matuƙan da suka kai shi ba za su iya dawo da shi ba, don doka ta ƙayyade awannin da za su yi suna aiki kafin su huta, sai an tanadi wasu. Sawun da jirgi ɗaya zai yi a mako ya ragu, maniyyata suka ƙara kwana a sansani. Mutane sun yi ta fushi, kuma na fahimci fushinsu, amma ni da na zauna a kan taswirar nan ba zan taɓa sa hannu a tura mutum ɗari biyar ta saman inda ake harba makamai ba kuma babu mai kula da jirage a ƙasa. Hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Mu koma kan tikitin Hajiya. Awa 6 ya nuna. Idan kika juya dabarar nan, kika cire rabin awa kika ninka da 800, za ki samu kilomita 4,400. Wannan ya gaya miki kamfanin ba miƙaƙƙiyar hanya ya lissafa ba, ya sa zagaye a ciki, ko kuma ya bar wa kansa rara saboda jinkiri. Muddin Sudan ba ta zauna lafiya ba, awa 6 ɗin nan shi za ki riƙe, ki bar na intanet.

Akwai wani abu da yake sa ko a hanya ɗaya, jirgi ɗaya, lokacin yau ya bambanta da na wata uku masu zuwa, shi ne iska. Gudun da na faɗa miki, 850 zuwa 900, gudun jirgi ne a cikin iska, ita kuma iskar tafiya take yi. Kamar kwalekwale ne a kogi: mai bin ruwa da mai haura ruwa ƙarfin tuƙinsu ɗaya, amma ba za su isa tare ba. A ce jirginki yana gudun 870: idan iska mai gudun kilomita 80 a awa tana bayanki, kina cin ƙasa 950. Idan tana gabanki, 790. A tafiyar awa huɗu da rabi, wannan ya kai bambancin kusan minti 45 tsakanin zuwa da dawowa.

Za ki ji ana cewa tafiya gabas kullum ta fi tafiya yamma sauri. A tsakanin Turai da Amurka haka ne, amma a hanyarmu maganar rabi ce. Da hunturu, daga wajen Nuwamba zuwa Maris, akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa can sama daga yamma zuwa gabas ta saman Libiya da Masar da arewacin Saudiyya, gefenta yana taɓa hanyar Jidda. A lokacin zuwa yakan fi sauri, dawowa ta ja. Da damina kuwa, daga Yuni zuwa Satumba, waccan iskar tana komawa arewa, wata ta taso daga wajen Indiya tana kaɗawa daga gabas zuwa yamma ta saman ƙasashenmu na Sahel. Sai abin ya juye, dawowa gida ta fi sauri. Kuma tunda watan Hajji yana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara (Arfa ta 2023 ta faɗo 27 ga Yuni, ta 2024 ta faɗo 15 ga Yuni, ta 2025 kuma 5 ga Yuni), alhajin da ya je shekara goma sha biyar da suka wuce da na bana ba iska ɗaya suka tarar ba. Damina tana da nata kuma: hadarin da ke haɗuwa a saman Chadi da Afirka ta Tsakiya yakan yi tsiri ya wuce inda jirgi yake tafiya, ba a ratsa shi, kewaye shi ake yi, wani lokaci da kilomita 50 ko 100.

Irin jirgin ma yana da tasiri, amma bai kai yadda ake zato ba. Tsakanin Boeing 747, wanda yana cikin masu sauri, da ƙaramin jirgi irin Boeing 737 ko Airbus A320, bambancin a wannan hanya bai wuce minti 20 ba. Inda ƙaramin jirgi yake cin lokaci shi ne idan hanya ta yi tsawo kuma ya cika da mutane da kaya, dole ya yada zango ya sha mai, kuma kowane zango awa ɗaya ne ko fiye. Zafi ma yana shiga lissafi. Iska mai zafi ba ta da kauri, fuka-fuki da inji ba sa samun abin kamawa sosai, don haka jirgin da zai tashi da cikakken lodi da tsakar dare a Kano, da azahar ɗin watan Afrilu sai an rage masa nauyi. Wannan na cikin dalilan da suka sa jiragen nesa suka fi son tashin dare, kuma shi ya sa ma'aikata suke tsanantawa a wajen awon kaya. Ba rowa ba ce; kowane kilo yana cikin takardar da matuƙi zai sa wa hannu.

Ki duba tikitin da kyau ki tabbatar kai tsaye ne. Masu Umara da yawa ta Alƙahira ko Addis Ababa ko Doha ake bi da su. Ta Alƙahira jimillar nisan kimanin kilomita 4,300 ne, ta Addis Ababa kimanin 4,700, ta Doha ya haura 6,000, tunda sai an wuce Jidda da nisa sannan a dawo. A irin wannan tafiya zaman jiran jirgi na biyu shi ne babban abu, yana iya zama awa 2, yana iya zama awa 10. Ga dattijuwa mai ciwon suga, idan da hali, ƙarin kuɗin jirgin kai tsaye bai ɓaci ba.

Yanzu abin da ya fi damuna a tambayarki, wanda kuma shi ne ainihin abin da kike bukata. Ciwon Hajiya bai san lokacin da jirgi ya tashi ba, abin da ya sani shi ne yaushe ta ci abinci na ƙarshe. Saboda haka lissafin da za ki yi daga ƙofar gida ne zuwa ƙofar masauki. Jirgin ƙarfe 11 na dare, ana so ta kasance a filin jirgi tun ƙarfe 7 ko 8, ke nan ta bar gida wajen magariba. Awa 6 a jirgi. A Jidda akwai layin shige da fice, da ɗaukar hoton yatsu, da jiran kaya, da jiran motar da za ta kwashe su. A lokacin Umara awa 1 zuwa 3, a lokacin Hajji, a tashar alhazai mai rufin tantuna da aka buɗe a 1981, yakan fi haka nesa. Daga filin jirgin zuwa Makka kusan kilomita 100 ne, awa ɗaya da rabi a mota idan hanya ta yi kyau. Akwai jirgin ƙasa na Haramain da ya fara aiki a 2018, yana da tasha a cikin filin jirgin, kuma yana kai mutum Makka cikin ƙasa da awa ɗaya, sai dai yawancin ayari a bas ake ɗaukarsu. Idan kuma Madina za su fara zuwa ta mota, kilomita 400 ne da ɗoriya, awa 5 ko 6 tare da tsaye-tsaye. Ki haɗa duka: awa 14 zuwa 16 idan Makka ce kuma komai ya tafi daidai, awa 20 idan Madina ce. Wannan adadin za ki kai wa likitanta, ki gaya masa kuma agogo zai matsa gaba da awa 2, shi zai tsara mata yadda za ta sha magani ko ta yi allura.

Maganin da na'urar gwajin suga su kasance a jakar hannu, kada a kuskura a sa su a uwar jaka. Uwar jaka tana iya makara, tana iya bin wani jirgin, kuma allurar insulin ba ta son yanayin da ke cikin rumbun kaya. A haɗa da takardar likita saboda masu bincike. A sa mata dabino da biskit da ɗan abin da za ta ci, don a jirgi ba a raba abinci sai an kai sama an daidaita, kusan awa ɗaya bayan tashi, kuma idan akwai gargada a iska ana iya ɗage shi. Ta bar agogon hannunta a lokacin Kano har sai ta shiga masauki, wayarta kuwa za ta canza da kanta. Da haka ba za ta rikice a kan awa nawa suka wuce tun maganin ƙarshe ba. Ta riƙa shan ruwa, ta tashi ta ɗan taka zuwa bayi duk bayan awa ɗaya ko biyu, ko ta riƙa motsa ƙafafu a zaune. Iyayenmu mata sukan ƙi shan ruwa a jirgi don kunyar tashi, kuma wannan yana cutar da su. Idan tafiya mai nisa tana ba ta wuya, ku nemi keken guragu tun wajen sayen tikiti, kyauta ne, kuma yana rage mata tsayuwar layi.

Tafiya gabas tana gajarta dare. Jirgin da ya tashi ƙarfe 11, asuba tana iya riskar su tun agogon Kano bai wuce 2 ko 3 ba, don da bazara alfijir yana ketowa a Makka ƙarfe 4 da 'yan mintuna agogon can. Ta yi alwala kafin ta shiga, ta kuma lura da taga ko ta tambayi ma'aikatan jirgi. Haka batun miƙati ga wadda za ta wuce Makka kai tsaye. Jirgin da ya biyo ta Masar daga arewa yake gangarowa, ta daidai Juhfa kusa da Rabig. Wanda ya zagayo ta Habasha daga kudu yake haurowa, ta daidai Yalamlam. Hukuncin na malamai ne, ta tambayi malamin ayarinsu. Abin da zan ƙara daga ɓangarena shi ne jirgi yana cin kilomita 14 zuwa 15 a minti ɗaya, don haka idan matuƙi ya yi sanarwa babu lokacin layin bayi. Ta yi wankanta da shirinta tun daga gida, ya zama niyya da talbiyya kawai suka rage.

Sai jinkiri, wanda babu tikitin da yake rubuta shi. Idan a Disamba ko Janairu za su tashi, hazo yana iya rufe Kano har jirgin da zai ɗauke su ya kasa sauka, ya wuce Abuja ko Legas ya jira. A Jidda kowane jirgi yana da lokacin da aka ware masa na sauka da tashi, wanda ya rasa nasa sai ya jira a sake ba shi wani. Wani lokaci kuma injiniya ne zai ga abin da bai gamsu da shi ba ya ce a dakata. Ina roƙonki ki gaya wa Hajiya, idan haka ta faru kada ranta ya ɓaci, kada kuma ta shiga cikin masu yi wa ma'aikata ihu. A ranar 11 ga Yulin 1991 wani jirgi ƙirar DC-8 ya tashi daga Jidda ɗauke da alhazanmu zuwa Sakkwato. An san wasu tayoyinsa ba su da isasshiyar iska, amma don gudun makara ba a tsaya an cika su ba. Tayoyi biyu suka fashe a kan titi, wuta ta kama, aka naɗe ƙafafun jirgin da wutar zuwa cikinsa. Mutum 261 ne a ciki, babu wanda ya fita. Allah ya jiƙansu da rahama. Duk wanda ya yi aikin jigilar alhazai a ƙasar nan ya san wannan ranar, kuma ni duk sa'ad da injiniya ya ce mini a ba shi awa ɗaya, ba na jayayya da shi. Saboda irin wannan jiran ne nake cewa guzurin jakar hannu ya zama na yini guda cur, ba na awa 6 ba.

Ranar dawowa, kada ku dogara da lokacin tikiti wajen zuwa tarbarta. Ku karɓi lambar jirgin, haruffa biyu da lambobi da ke jikin tikitin, ku sa a manhaja irin Flightradar24, za ku ga sa'ad da ya bar ƙasa da hanyar da ya bi. Idan ya tashi, ku duba agogonku na Kano a daidai lokacin, ku ƙara awa biyar da rabi zuwa shida, sannan ku ƙara awa ɗaya ta kaya da kwastan da jiran jarkar zamzam. Ku zo mata da abinci mai ɗumi a mota, don mai yiwuwa tun kafin asubar Makka ta bar masauki.